Tafiyata Götzis, garin da ake haɗa gudu da jifa a ma'auni ɗaya

Daga Zurich muka hau jirgin ƙasa ni da ƙanina, wanda ke karatun ƙididdiga a can. Jirgin ya bi gefen tafkin Walensee, ya ratsa 'yar ƙasar Liechtenstein, ya sauke mu a Feldkirch cikin Ostiriya, inda muka canza wani ƙarami zuwa Götzis. Garin ƙarami ne, a kwance a gindin duwatsu, amma tun 1975 kusan kowace shekara a wajen ƙarshen Mayu yake karɓar gwanayen gasar wasanni goma ta maza, daga baya kuma har da ta wasanni bakwai ta mata, a filin Mösle. A nan ne Roman Šebrle, ɗan ƙasar Czech, ya tara maki 9,026 a 2001, mutum na farko da ya haye 9,000.

Abin da ya kawo ni ke nan: yaya ake haɗa daƙiƙa da mita a fitar da gwani ɗaya? A gasar maza, ranar farko gudun mita 100, dogon tsalle, jifan dalma, tsallen sama da gudun mita 400. Kashegari tsallake shinge, jifan faifai, tsalle da sanda, jifan mashi, a rufe da mita 1,500.

Muna zaune dab da ramin yashi ƙanina ya buɗe mini jadawalin maki a wayarsa, wanda ake aiki da shi tun 1985. Kowane wasa yana da iyakar da ba ta ba da komai: daƙiƙa 18 a mita 100, mita 2.20 a dogon tsalle, minti 8 a mita 1,500. Ana auna tazararka daga wannan iyaka, a bi da ita ta wani lissafi da ke ƙara wa ci gaba daraja gwargwadon yadda ka yi sama. Maki 1,000 yana wajen daƙiƙa 10.39 a gudu, mita 7.76 a tsalle, mita 18.40 a dalma.

"Yaya, dubi rashin adalcin," in ji shi. Damian Warner na Kanada ya yi daƙiƙa 10.12 a wannan fili a 2019, Simon Ehammer na Suwizalan ya yi tsallen mita 8.45 a 2022, duk sun wuce 1,000 da nisa. Amma a mita 1,500 sai ka yi ƙasa da minti 3 da daƙiƙa 54 kafin ka taɓa 1,000, kuma yawancin 'yan wasan a wajen 700 suke tsayawa. Gaskiyarsa ce, jadawalin ya fi yi wa mai sauri gata.

Shi kansa yana wasan CrossFit, inda babbar gasarsu ke ba na ɗaya maki 100, sauran su biyo bisa matsayi. Wannan ya fi ɓata masa rai, domin ko da taku ɗaya ka tsere wa na biyu ko da zagaye guda, ladan bai canzawa. Maganin da yake so shi ne abin da malamansa ke kira makin z: a fitar da matsakaicin abin da kowa ya yi a wasan, a duba nisanka daga gare shi, a raba da irin tazarar da ke tsakanin 'yan wasan. Ta haka kowane wasa zai yi nauyi daidai da ɗan'uwansa.

Na so wannan dabara ƙwarai, har yammacin Lahadi. Kafin a buga bindigar mita 1,500, na ga masu horarwa sun duƙufa kan takardu, mai lasifika yana sanar da lokacin da wane yake bukata don ya riƙe matsayinsa, 'yan kallo kowa da nasa lissafin. Mutanen nan sun gaji liƙis, amma kowannensu ya san daƙiƙar da yake farauta. Da makin z babu mai sanin haka, don makinka ya rataya a kan na ƙarshe da bai iso ba tukuna, kuma in wani ya ji rauni ya janye, lissafin kowa ya motsa. Ba kuma yadda za a gwada na bana da Šebrle.

Na faɗa wa ƙanina haka muna hanyar tasha. Ya ce to a gyara jadawalin da sababbin alƙaluma. Na ce in aka gyara, sai a sake lissafa makin kowa tun daga 1985, kuma wasu za su rasa bajintar da aka san su da ita. Har muka wuce Feldkirch bai sakar mini ba.