Barewar Shehu da Dokin Amru

A shagon ɗinkin kawuna da ke Fagge, cikin shekarun 1970, ba ka samun inda za ka ɗora tafin hannu a bango. Kalandun kamfanonin atamfa sun cinye gefe guda. Ɗaya gefen kuwa na hotunan nan ne masu launi bugun Masar, waɗanda alhazai da fatake ke shigowa da su, a kasa su a Kasuwar Kurmi da bakin masallaci ran Juma'a. Ga Buraƙa mai fuskar mace da fukafukai, ga jirgin Annabi Nuhu dabbobi bibbiyu sun leƙo, ga Shehu Abdulƙadir Jilani da zakinsa. Aikina a shagon sa maɓalli ne da hura gawayin dutsen guga, don haka duk hirar da aka yi a kunnena take sauka.

Hotuna biyu ne ba sa barin shagon ya yi shiru. Na farko Shehu Ahmadu Tijjani ne tsaye da alkyabba, sanda a hannu, barewa a gefensa. Ban da sunansa babu abin da aka rubuta, amma kowa ya san abin da ya kawo barewar. Wani tsohon maharbi da ke kawo gyaran taguwa ya rantse kibiya ta tsere wa, ta zo neman mafaka. "Dubi kunnuwanta, ɗan nan," in ji shi, "dabbar da aka koro ce ke tsayar da su haka." Mai shayin ƙofar shagon ya ce sam, ƙara ta kawo, an kama mata 'ya'ya. Gwaggo mai kawo mana tuwon rana ta saurare su, ta ce maza ba su da ido, ƙishirwa ce kawai, ba ku ga rairayi ba? Shi Kawu ko kallon barewar ba ya yi. Damuwarsa alkyabbar: wai wanda ya zana ta bai taɓa riƙe allura ba, tun da babu ɗinki ko ɗaya a kafaɗa.

Wani malami da muke yi wa ɗinkin sallah ya taɓa tunatar da su cewa Shehu a Fas ya rasu a 1815, na'urar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 ta bayyana a Faransa, ke nan har fuskar ma daga kan mai zane ta fito. Aka ce "Allahu Akbar," aka koma kan kunnuwan barewa.

Na biyun ya fi tayar da jijiyar wuya. Sayyadi Ali ne a Yaƙin Gwalalo, bisa doki, Zulfiƙari mai baki biyu a hannunsa, ya datse ƙafar Amru ɗan Abdu Wuddin, jini na tsartuwa ja wur. Mahaucin layinmu kan tsaya gabansa ya girgiza kai, ya ce sara ɗaya a kan gaɓa, wannan hannu ya san nama. Mu yara dokin Amru ne ya dame mu. Wasu suka ce ya gudu Makka ya kai labari. Ni na tsaya kan cewa Sayyadi Ali ya ja shi Madina ya ba shi dusa, don idon dokin bai yi mini kama da na mugu ba. Har dambe muka yi a kan wannan a bayan shago.

Nan ma malamin ya gyara zama ya kawo abin da ke cikin littattafan sira: Amru saukowa ya yi, ya sare ƙafafun dokinsa da kansa, aka gwabza a ƙasa. Mahauci ya bari ya kai aya, sannan ya nuna bango da haɓa. "Allah gafarta Malam, to wannan dokin fa da ke tsaye lafiya lau?" Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. A ganina gaskiya tana wajen Malam, sai dai a shagon nan takarda mai launi ta fi tawada ƙarfin baki, kuma ban ga ranar da ya ci su ba.

Da wa'azi a kan rataya hotuna ya yi ƙarfi wajen farkon shekarun 1980, Kawu ya sauke na Annabi Nuhu da Buraƙa ba tare da ya ce da kowa komai ba. Na Sayyadi Ali damina ce ta cinye shi. Hoton Shehu da barewa har yau ana ganinsa, ya koma sitika a jikin adaidaita sahu da gilashin manyan motoci, amma sauran sun yi wuyar gani a kasuwa. Wanda ke da ragowarsu a ƙasan adakar kakarsa, don Allah kada ya bar wa gara, ya kai Gidan Makama a adana.