Kofin Da Na Saya Don Idon Baƙi

Kowace ƙwarya da abokin burminta, haka kuma kowane abin sha da mazubin da ya dace da shi. Iyayenmu ba su zauna ajin kimiyya ba, amma ba su taɓa rikita wannan ba. Fura a ƙwarya ake dama ta a sha da ludayi, ruwan randa da moɗa ake ɗiba, kunu a ƙoƙo ko kwano mai murfi, shayin buzaye kuwa a 'yan ƙananan kofuna waɗanda kurɓi uku ke ƙarar da su. Haka na taso na gani a gidanmu a Gusau, amma na ɗauke shi tsohon yayi, har sai da na jawo wa surukina ƙuna a hannu da cinya ranar sunan ɗana. Laifin nawa ne ni kaɗai, shi ya sa nake son in faɗe shi da bakina.

Ana saura 'yan watanni matata ta haihu na shiga kasuwa, na ci karo da wasu kofunan gilashi a wurin masu kayan gwanjo. Gajeru ne masu faɗin baki, gindinsu ya kai kaurin yatsa, an yi wa jikinsu yankan ado, in haske ya doke su sai su yi ta walƙiya. Na ɗaga ɗaya na ji nauyi, na ce a raina wannan shi ne kofin manya. Kuɗinsu kawai na tambaya, na taya, aka sallama. Da na kai gida matata ta juya ɗaya a hannunta ta ce, "Maigida, waɗannan ba su yi mini kama da na ruwan zafi ba, a bar su ga ruwan sanyi." Na ce mata ai abu mai kauri haka ba abin da zai same shi. Ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin na yi nasara.

Sunan ya faɗo tsakiyar hunturu. Duk wanda ya san Gusau a watan Janairu ya san yadda sanyin asuba ke shiga ƙashi. Kofunan sun kwana a kan tire a zaure, sun yi sanyi ƙalau. Da aka raɗa suna aka shafa fatiha, na hana ƙanena raba shayi a kofunan da aka saba, na ce ni zan zuba wa manya da hannuna. Surukina, wanda ya zo daga Tsafe tun ana gobe suna, shi na fara miƙa wa kofi, na karkata butar da aka sauke daga kan gawayi a lokacin. Shayin bai kai rabi ba muka ji ƙas! Gindin kofin ya rabu da jikinsa a zagaye, ya faɗi kan tabarma, tafasasshen shayin ya kwarara a yatsunsa ya jiƙa masa riga har cinya. Dattijon ya ce "Inna lillahi" sau ɗaya, bai ƙara ba. Wani ya ruga neman man goge baki don a shafa masa, Allah ya sa akwai ma'aikacin jinya a cikin maƙwabta, ya hana, ya sa aka yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin kusan minti 20 kafin aka kai shi aka duba. Ƙunar ta yi bororo, ta ɗauki makonni kafin ta warke.

Da jama'a suka watse, kawuna na Bungudu, wanda ya yi shekaru yana aiki a kicin ɗin wani otal a Legas, ya ɗauki ɗaya daga cikin sauran kofunan ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗana, ka san mi ka sawo? Wanga tambulan ba na shayi ba na. Na Turawa na, da shi suka shan wiski da ƙanƙara." Kunya ta rufe ni. Tun daga watan Janairun 2000 da shari'a ta fara aiki a Zamfara aka haramta sayar da giya da shan ta, galibinmu ma ba mu taɓa ganin wannan kofi a bakin aikinsa ba. Yana shigo mana ne cikin kayan gwanjo, mai saye da mai sayarwa duk suna kiran sa kofin alfarma. Gilashi dai ba ya ɗaukar zunubi, amma ƙirarsa ba ta canjawa don ya canja gida.

Bayan haka na zauna na bi diddigin abin. Ashe masu shan wannan giya a Sukotland da Amurka ba sa ɗaukar kofi da ka. Mai faɗin baki da kaurin gindi an yi shi ne don ya ɗauki ƙanƙara, ya zauna daram a kan tebur. Akwai wani mai tumbi da tsukakken baki, Glencairn, wanda aka fitar a Sukotland a 2001 don ya tattara ƙamshi zuwa hanci. Babu ko ɗaya da aka ƙera don abu mai zafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutanen da ke shan abin da addininmu ya hana suna tambayar aikin kofi kafin su saya, ni kuwa da zan shayar da surukina halal ban yi wannan tambayar ba.

Kaurin da na dogara da shi shi ne ya ci amanata. Gilashi ba ya saurin isar da zafi daga ciki zuwa waje. In aka zuba ruwan zafi a kofi mai kauri, fatar ciki takan buɗe nan take alhali ta waje tana nan a tsuke da sanyi, sai jayayya ta shiga tsakaninsu, kofin ya tsage a inda siririn jiki ya haɗu da kakkauran gindi. Shi ya sa kofin shayin mutanen Turkiyya yake da siririn jiki, zafi na ratsa shi lokaci guda. Masu shayin buzaye kuma in ka lura, sukan ɗauraye 'yan kofunansu da ruwan ɗumi, su yi ta juye shayin daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta don ya yi kumfa, kafin a kai ga sha kofin ya riga ya ɗumama. Akwai gilashin da aka yi musamman don jure zafi. Wani Bajamushe, Otto Schott, shi ya ƙirƙiro irin wanda ake sa wa sinadarin boron a garin Jena a ƙarshen ƙarni na 19, irinsa ne aka fara sayarwa da sunan Pyrex a Amurka a 1915. Kamfanin Duralex na Faransa kuma tun 1945 yake yin kofuna da gilashin da aka gasa aka ƙarfafa, wanda ko ya fashe sai ya marmashe ƙanana maimakon ya bar tsini mai yanka.

Akwai abu na biyu da ya fi tayar mini da hankali. Da yawa daga cikin tsofaffin kofuna masu nauyi da yankan ado, irin wanda in ka ɗan buga shi da farce zai daɗe yana amo, da dalma ake haɗa gilashinsu, wani ma kashi 24 cikin ɗari ko fiye. Abin sha mai tsami yana iya jawo dalmar daga jikin kofi in ya daɗe a ciki, ga shi kuwa mun sha zoɓo da tsamiya a cikinsu, har yara. Ɗan Zamfara ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan gubar dalma. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da kofi zai saki bai kama ƙafar wancan ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma da za a ce ba shi da illa a jiki, musamman ga yara. A ranar da na gano haka na kwashe sauran kofunan daga cikin kayan amfani.

Da surukina ya samu sauƙi na tafi Tsafe takanas, na durƙusa na ce, "Baba, ganganci na yi, a yafe mini." Ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na gode masa, amma a zuciyata na san an gargaɗe ni na ƙi ji, don haka da na dawo gida na nemi gafarar matata ita ma. Gaskiyar magana, ban sayi kofunan nan don baƙina su ji daɗin sha ba, na saye su ne don su gani su ce wane ya iya zaɓe. Karramawar da aka gina a kan son a yaba, baƙo ne ke biyan kuɗinta.

Don haka ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa mai haɗa kayan ɗakin amarya, kafin ku tambayi kuɗin kofi ku tambayi aikinsa. Na shayi ya zama siriri ko wanda aka rubuta yana jure zafi, ko kuma tangaran mai mariƙi. Ku ɗauraye shi da ruwan ɗumi kafin zubawa, musamman da hunturu, ku ajiye shi a kan tire kafin ku zuba, ba a hannun mutum ba. Wanda ya tsage ko bakinsa ya ɓantare a yar da shi. Mai nauyi da walƙiya wanda ba ku san asalinsa ba, kada a ajiye zoɓo a ciki, kada a ba yara. In kuma wani na gida ya ce a dakata, ku saurare shi, ko da ku kuka biya kuɗin kayan.