Zamanin Dambun Gero

Kafin shinkafa ta mamaye tukwanen ƙasar Hausa, gero ne ke riƙe da gida. Daga Daura zuwa Damagaram, daga Gumel zuwa Maraɗi, inda ƙasa ke da jigawa kuma ruwan sama bai cika yawa ba, shi ne hatsin da ba ya ba manomi kunya. Cikin wata uku ya nuna, ya fid da mutane daga ƙuncin tsakiyar damina tun dawa ba ta fid da kai ba. Da shi ake fura da kunu da tuwo, amma mu yaran wancan lokaci dambu muke ɗoki.

Aikinsa tun hantsi yake farawa. A ciro dami daga rumbu a sussuke, a shiƙe, a surfa, a bakace dusa, sannan a wanke, ƙasarin a zuba wa awaki. In ya sha iska sai a mayar da shi turmi a ɓarza. Nan ne matan gida ke nuna gwaninta: biyu ko uku a kan turmi ɗaya suna lugude, wata ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe. Da an tankaɗe, gari ya koma gefe don kunun safe, tsakin kuma shi ne na dambu.

Ganye ba a zuwa kasuwa nemansa. Zogale na nan jikin danga, rama da yakuwa a bayan ɗaki, tafasa kuwa da damina ko'ina ta fito. Tsinkar zogale aikin yara ne, kuma duk wanda ya bar tsinke a ciki zai sha faɗa.

Madambaci tukunyar ƙasa ce mai huje-huje a gindi. A ɗora ta kan wata tukunyar da ruwa ke tafasa a ciki, a naɗe mahaɗarsu da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya tsere. Sau biyu ake turarawa. Da farko tsaki kaɗai. Sai a juye a ƙwarya, a yayyafa ruwa, a murje gudaji da hannu, a cuɗa ganye da albasa da gishiri, a mayar. Ƙamshin zagaye na biyun ne ke hana mu wasa.

"Inna, bai yi ba?"

"Kai dai ka cika ci-da-zuci. Je ka kira Goggonka ta kawo ƙuli."

Ba nama, ba kifi, kuma ba wanda ya taɓa jin an rage masa wani abu. Dakakken ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗar da aka matsa a gida sun wadatar. Sai dai man a lissafe yake, shi ya sa uwar gida mai hankali ba ta cika madambaci, tunda in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Duk da haka sai an cika akushin maigida, an ɗiba wa almajirin gida, an miƙa wa maƙwabta ta kan katanga.

Abubuwa sun soma juyawa a shekarun 1970. Farin 1973 ya kwashe rumbuna, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa dalar gyaɗa ta Kano, kuɗin man fetur kuma suka buɗe wa shinkafar waje da alkama ƙofa. Injin niƙa ya shigo unguwa, turmi ya rage aiki. Yau dambun da aka fi gani a birni na shinkafa ne ko na masara, da karas da kabeji, a tukunyar ƙarfe, galibi ranar biki ko a hannun masu talla.

Geron bai ɓace ba. Najeriya da Nijar har yanzu suna sahun gaba a duniya wajen noma shi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, masana abinci kuma sai yabon zogale suke yi. Duk kayan haɗin suna nan a kasuwa, tsakin ma a ƙulle cikin leda. Abin da ya yi wuyar samu shi ne babban gida irin na da, mai mata huɗu da yara goma, waɗanda za su ba tukunya guda yini sukutum ba tare da wani ya ce an ɓata masa lokaci ba.