Murhun da na gina a Wagadugu

Akwai wani aiki da hannuna ya yi wajen shekara 40 da suka wuce, wanda har yau ban gama yi wa kaina hisabi a kansa ba. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, giya ba ta taɓa ratsa maƙogwarona ba. Amma ni ɗin nan na gina wa mai dafa giya murhu.

A 1985 gwamnati ta aike ni Wagadugu karatu, a makarantar injiniyoyin karkara da ƙasashenmu suka haɗu suka kafa, wadda yau ake kira 2iE. Na kama ɗakin haya a gidan wata dattijuwa ƴar ƙabilar Mosi. Kowa Yaba yake ce mata, wato kaka a harshensu. Sai da na sauke kayana na gane sana'arta: dafa giyar dawa, wadda can suke kira dolo, mu kuwa burkutu. Na yi niyyar tashi ƙarshen wata. Kafin watan ya ƙare masassara ta kayar da ni, tsohuwar nan ta yi kwana 9 tana jinyata. Ta ware mini tukunya da ƙwarya waɗanda giya ba ta taɓa shiga ba. Da azumi ya zo, ita ke buga mini ƙofa in tashi sahur. Ko da wasa ba ta taɓa miƙo mini abin da take sayarwa ba.

Aikin nata ba na rago ba ne. A jiƙa jar dawa, a shimfiɗa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa. A bar ta ta kwana ta yi tsami, a tace, a sake dafawa awa da awa, sannan a huce a zuba yis. Manyan tukwanen ƙasa 4 ne, an ɗora su bisa guntayen tubala da duwatsu. Wuta na fita ta kowace kafa, rabin zafin yana bin iska. Itace kuwa ya yi tsada, don a shekarar ce gwamnatin Thomas Sankara ta ɗaura yaƙi da abu uku: gobarar daji, saran itace barkatai da sakin dabbobi.

Wata ranar Asabar tubali ɗaya ya rufta, tukunya ta karkace, tafasasshen ruwa ya kwarare wa jikanyarta ƴar shekara 6 a ƙafa. Ni na ɗauke ta a keke zuwa asibiti. Da muka komo Yaba ta zaunar da ni, ta ce: "Ɗana, kai da ake koya wa gina madatsar ruwa, mazaunin tukunya zai gagare ka?"

Na kai maganar wurin wani abokin karatuna, mutumin Damagaram. Bai ɓoye mini ba. Ya tuna mini hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗaukar ta, ya ce in duba ko magini ya yi nisa da su. Gaskiya ya faɗa. Na kwana ina juyi. In na rufe ido in ga hadisin, in na buɗe in ji kukan yarinya ta bayan bango. Da asuba na tuna cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa na ci fiye da lada.

Muka haƙo ƙasar suri, muka kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, muka rufe ta mako guda ta ruɓa. Na share wuri na daidaita shi da igiya da ma'aunin ruwa. Kowace tukunya na gina mata ƙafa uku masu kauri, tsawonsu ɗaya, wajen santimita 40, don kada nauyi ya rinjaya gefe guda. Na jera tukwanen biyu gaba biyu baya, na kewaye su da bango har kafaɗa, na liƙe duk kafar da ke tsakaninsu. Ƙofa ɗaya na bari ta sa itace, da ƙananan hujoji a baya, domin hayaƙi ya lashi gindin kowace tukunya kafin ya fita. Muka bar ginin ya bushe a inuwar zana, muna liƙe tsaga, sannan muka gasa shi da ƙaramar wuta. Inda take sayen amalanken itace 3, sai 2 suka riƙa isar ta. Har na bar garin tukunya ba ta ƙara motsi ba.

Ta kawo mini kuɗi na ƙi karɓa. Wannan kaɗai na iya yi wa hadisin.

Da na komo gida na tarar ana yayata murhun ƙarfe Mai Sauƙi a Yamai, amma manyan tukwane ba su da mai kula da su. Irin ginin nan na yi wa mahaifiyata a Maradi, na yi wa maƙwabtanta masu suyar ƙuli-ƙuli. Suna sa mini albarka, ba su san inda na koyo ba.

Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Abokina na Damagaram har ya rasu yana ganin na yi kuskure, kuma ban taɓa ce masa bai yi daidai ba. Ina neman gafarar Ubangiji a kan murhun nan. Sai dai in an mayar da ni wancan tsakar gida, ga yarinya kwance da ƙafa a ɗaure, na san zan sake naɗe hannun riga in kwaɓa laka. Allah shi ne masanin abin da ke cikin zukata, shi yi mana sassauci ranar hisabi, amin.