Laka, Kara da Ƙyallen Tela: Magana Kan Gidajen Reno a Jalingo

Duk wanda ya saba shiga babbar Kasuwar Jalingo da sassafe ya san matan da nake nufi. Mai tumatir da attaruhu, mai doyar Zing, mai busasshen kifin Lau da Ibi, mai gwanjo. Kafin ta buɗe rumfa ta riga ta biya wani gida a Sabon Gari ko Magami ko Mayo Gwoi ta sauke ɗanta, da kwanon abincinsa da gorar ruwa. Gidan ba makaranta ba ne. Falo ne da baranda da inuwar mangwaro, da wata mata, sau da yawa 'yar Zumuntar Mata a ikilisiyarsu, wadda ke riƙe 'ya'yan maƙwabta har la'asar a kan ɗan abin da aka daidaita a wata. Yara na ce mata Anti, wasu Mama. Da safe a yi addu'a, a yi waƙa da tafi, can a ci abinci, a yi barci. Tsakanin waɗannan akwai awanni masu yawa, kuma a kansu nake son mu tattauna.

Abin da ya fi cinye awannin nan shi ne littafin rubutu. Yaro ɗan shekara uku, ko maɓallin rigarsa bai iya ɓallewa ba, an danƙa masa fensir an ce ya cika shafi da A. In ya kasa, Anti ta kama hannunsa ta rubuta masa. Ba na ɗora wa Anti laifin ita kaɗai. Mu iyaye ne ke tsayawa a bakin ƙofa da yamma muna cewa, “Anti, yau me ya rubuta?” In aka nuna mana shafi cike, hankali ya kwanta, kuɗinmu bai tafi a banza ba. In aka ce yau da laka ya yi wasa, sai fuska ta canza.

Alhali ita kanta manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi a koyar da yaran da ba su kai firamare ba ta hanyar wasa. Su ma Turawan da muke ganin muna kwaikwaya ba da shafin A suka fara ba. Friedrich Froebel, ɗan wani fasto a Jamus, wanda ya kafa tsarin ajin ƙananan yara a 1840, laka ya ba yara, da tsinke da wake da takardar naɗewa. Maria Montessori, wadda sunanta ke kan allunan makarantun kuɗi ko'ina a Nijeriya, ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a San Lorenzo, unguwar talakawa ce a birnin Rum, don 'ya'yan masu fita neman abinci tun safe. Irin 'ya'yan matan kasuwarmu ke nan. Abin da ta fara koya musu har da zuba ruwa ba tare da zubarwa ba, da sa maɓalli, da ɗaure igiya. Dalilin a fili yake: yatsun da za su riƙe fensir sai sun yi ƙwari, kuma murza laka da yaga takarda da zura zare a rami su ne ke ba su ƙwarin.

To ina kayan aikin? Nan ne ake cewa babu kuɗi. Kwalin fenti da takarda mai launi sun yi tsada, gaskiya ne. Amma ki zaga kasuwa da idon mai neman abin wasa, Anti, ki ga abin da ake sharewa kullum. Layin teloli, ƙyallen atamfa ne buhu-buhu, wani ma gode miki zai yi kin rage masa shara. Masu shagunan kayan masarufi na jefar da kwali. Wajen masu gasa masara akwai totuwa da ɓawo. Masu ƙwarya da ludayi suna da fasassu da ba sa sayuwa. Ga murfin kwalba, ga ɓawon gyaɗa, ga kabar da masu faifai da tabarma suka rage. Abin manne kuwa, sitacin rogo ne a dama da ruwan zafi ya huce, shi ke nan.

Laka ce uwar tafiya a wurina. A samo ta wajen masu ginin tukwane, ko babba ya ɗebo daga bakin Lamurde da rani (babba na ce, kada a aiki yaro rafi). A jiƙa ta kwana, a tsince tsakuwa, a cuɗa har ta daina manne wa hannu. A shimfiɗa buhu a baranda, a tuɓe wa yara riguna, kowa a ba shi curi kamar na fura. Daga nan ki ja baya ki yi kallo. Ɗan shekara biyu duka kawai zai yi ta yi, yana tsoma yatsa yana leƙa ramin. Na shekara uku zai murza ta a cinya ta yi tsawo, ya ce maciji ne, ya tsinke ta ya ce yanzu doya ce. Na huɗu zuwa biyar shi ne zai yi saniya, ya danna mata tozo da babban yatsa, ya nemi tsinke biyu ya yi ƙaho, ƙafa ɗaya ta karye ya tsaya yana tunanin yadda za ta tsaya. Wannan tsayawar da ya yi yana tunani ta fi mini shafi goma na A. Kuma laka ba ta ƙarewa, in ta bushe a fasa a sake jiƙawa.

Launi ma yana kicin. Zoɓon da aka jiƙa da ruwa kaɗan yana ba da ja mai kyau a farar takarda. Kurkum ya ba da rawaya, gawayi baƙi, dakakken ganyen alayyafo kore, bula kuma shuɗi. A tauna bakin tsinke ya zama burushi, ko a bar su da yatsa. Akwai abin da yara ba sa gajiya da shi: bayan sun shafa zoɓo, Anti ta ɗiga ruwan kanwa kaɗan a kai, sai jan nan ya juye ya koma shuɗi-shuɗi, kore-kore. A kan kurkum kuwa rawayar ce ke komawa ja. Za ki ji ihu, “Anti ƙara! Anti ƙara!” Kanwar dai ta zauna a hannunki.

Tunda gidan na Kirista ne, labarin Littafi Mai Tsarki na shiga cikin aikin ba tare da an tilasta ba. Ranar Nuhu, fasasshiyar ƙwarya ce jirgi, dabbobin laka su shiga biyu-biyu, ga ƙirga ta samu. Ranar jariri Musa, a yi kwando da kaba, a naɗe totuwa da ƙyalle, a sa a baho a ga ko zai yi iyo. Dawuda, kowa ya tsinto duwatsu biyar masu santsi ya shafa musu launi. Kirsimeti kuwa ta zo daidai da girbin dawa, lokacin da kara ke ko'ina. Da shi muka yi mota da tabarau muna yara, da shi za a yi bukka da komin dabbobi. Mai ganin aikin hannu ƙaramin abu ne ya duba Fitowa sura 31, inda aka ambaci Bezalel da sunansa saboda gwanintarsa a ƙira da sassaƙa, ko Irmiya sura 18, inda aka aiki annabi gidan maginin tukwane ya ga yadda ake sake gina tukunyar da ta lalace. A ba da labarin da Hausa. Ɗan Mumuye da ɗan Kona da ɗan Wurkun da ɗan Tibi da ke zaune a tabarma ɗaya, Hausa ce ta haɗa su, kuma Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932.

Wata magana da ba a cika faɗa ba. A Jalingo rumfar Musulma na jingine da ta Kirista, kuma yakan faru Hajiya ta kawo ɗanta gidan maƙwabciyarta don ta yarda da ita. Amana ce. A gaya mata tun ranar farko cewa nan ana addu'a ana ba da labaran Littafi Mai Tsarki. A tambaye ta kuma game da siffar abu mai rai, don wasu iyayen ba sa so. In ta ce a'a, tukunya da turmi da mota da gida duk laka ce ke yin su.

Inda nake faɗa da masu reno shi ne wajen gyara. Yaro ya manna wa tunkiya auduga a ƙafa, kai babu, sai Anti ta karɓe ta cire ta mayar daidai, don kada uwa ta ce ba a koyar da komai. Da yamma yara goma su fito da tumaki goma iri ɗaya sak, duk aikin mutum ɗaya. Yaron ya san ba nasa ba ne, shi ya sa yake yar da ita a hanya. Gara ki tsuguna ki ce, “Ba ni labarin wannan.” Za ki sha mamakin amsar. A ƙasar da sassaƙen Mumuye, masu dogayen hannaye da ba su yi kama da hoton mutum ba, ke ajiye a gidajen tarihi na Amurka da Faransa, bai kamata mu zama masu tsoron abin da ya karkace ba.

Amma kada a ce na ce a zuba musu komai. Wake, gyaɗa, dutsen ado da murfin biro ba na yaron da bai kai shekara uku ba ne, hanci da kunne da maƙogwaro suke nufa. Idon zakara, jan ƙwayar nan mai ɗigon baƙi da ke jan hankalin yara, guba ce. Haka 'ya'yan zurman da na bini-da-zugu da ake shinge da shi. Bayan kara yana yanka kamar reza, don haka babba ne zai ɓare shi ya ba yara farin cikin mai laushi. Gwangwani mai kaifin baki, ragowar fentin gini, ledar maganin feshi, duk a nisanta su. Bahon jirgin Nuhu a zubar da ruwansa da zarar an gama. Kuma a wanke hannu da sabulu kafin a buɗe kwanon abinci, musamman ranar laka.