Filin Wasa Ma Gona Ne

Shekara 20 ke nan ina koyarwa a makarantar ekklesiya, a cikinsu kuwa usur ɗin malamin wasanni bai taɓa barin wuyana ba. Saboda haka in na yi zancen filin wasa, zancen aikina nake yi. Abin da nake so in sa a gaban iyaye shi ne wannan: a ƙasarmu ta Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura muna da yara masu gudu da ƙarfi da ƙwazo, amma wurin da za su gwada baiwarsu sai ƙanƙancewa yake yi kowace shekara.

Ya mai karatu, ka leƙa inda ɗanka yake buga tamaula da la'asar. Ragarsu dutse biyu ne, ko takalma biyu. Ƙasa cike take da tsaida da ƙarangiya da fasassun kwalabe, yara kuwa ƙafa ba takalmi. Da damina wani ya ci gefen filin da shuka, da rani masu babur su mai da shi hanya. Duk wannan da sauƙi. Na san wani fili a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, inda muka yi wasannin makarantu shekara da shekaru. Wata rana aka wayi gari an kakkafa duwatsun awo. Yau shaguna ne a wurin. Samarin unguwar suna gidan kallon ƙwallo, sun haddace sunayen 'yan wasan Ingila da Sifen, waɗansu kuwa zaman banza ya kai su ga shan ƙwaya.

Na taɓa yin wani ɗalibi wanda ba mai kamo shi a gudu, ƙwallo kuma kamar an ɗaura masa a ƙafa. Da ya ga ba inda za a gan shi a gida, sai ya bar karatu ya tafi birni neman ƙungiya. Bayan shekara 3 ya komo, ba ƙungiya, ba takardar makaranta. Da a ce muna da fili mai kyau da gasa kowace shekara, da masu neman 'yan wasa sun zo sun same shi yana karatunsa, yana gaban iyayensa.

Wannan ciwo bai tsaya ga ƙauye ba. An kafa Jihar Jigawa a 1991, amma a kakar wasa ta 2020 zuwa 2021 ƙungiyar jihar, Jigawa Golden Stars, a filin Ahmadu Bello na Kaduna take karɓar baƙinta. A ƙarshen kakar ta faɗo daga rukuni na ɗaya. Ku duba asarar. 'Yan wasa ba su da jama'arsu a bayansu, kuɗin masauki da na abinci da na mota kuwa duk a wata jiha aka kashe su.

Gama wasa yana jawo baƙi, baƙo kuwa da guzurinsa yake tafe. Mutanen Kano sun ga haka sa'ad da aka kawo gasar duniya ta matasa filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a 1999, da kofin Afirka a 2000, da gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Amma misalin da ya fi dacewa da mu yana arewa da mu, a ƙetaren iyaka, ba nisa da Babura. A 1975 Jamhuriyar Nijar ta fara kokawar takobin ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi kuma ya ɗauki takobin farko. Tun daga nan gasar take zagaya jihohin ƙasar. Jihohi 8 ne, kowace tana kawo 'yan kokawa 10, kowace kuma tana da dandalinta. Dandalin kokawa ba wani abin mamaki ba ne: yashi ne a tsakiya, da wurin zama kewaye. Amma garin da aka kai wa gasar, mai tsire da mai shayi da mai ƙosai da mai ɗakin haya duk sai sun san an yi.

Akwai kuma wani gari a Kenya, sunansa Iten, a bisa tudu mai tsawon wajen mita 2,400. A 1976 wani malami ɗan ƙasar Ailan, Colm O'Connell, ya zo koyar da labarin ƙasa a makarantar mishan ta St Patrick's. Bai zo da sanin horar da 'yan gudu ba, a wurin ya koya. Cikin waɗanda ya horar akwai David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a gudun mita 800 a Landan a 2012. Yanzu 'yan gudu daga Turai da Amurka suna zuwa Iten su kama ɗaki, su yi wata da watanni suna gudu a kan turbar jar ƙasa. Wannan labari yana ƙarfafa ni ƙwarai, domin da filin makaranta da malami guda aka fara.

To, mu me muke da shi? Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, zuwa ba wuya. Muna da madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba. Muna da tuddai da duwatsun Kazaure da Roni, waɗanda suka isa a yi tseren gudu da na keke a cikinsu. Muna da ɗalibai daga jihohi dabam dabam a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu. Hawan salla ya riga ya koya wa baƙi hanyar garin. Sa'an nan ga wasanninmu na gado, watau kokawa da dambe da langa, waɗanda har an shigar da su bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Kaya sun haɗu, fili ne ya rage.

Ga shawarata. Da fari, kowane gari ya keɓe fili, dagaci da ƙaramar hukuma su sa hannu a takarda cewa na wasa ne, ba a sayarwa, ba a yankawa. Babban filin ƙwallo mita 105 ne da 68, amma dokar wasa ta yarda da mita 90 da 45. Na biyu, a yi gayya. Yadda muke taruwa mu nome gonar gwauruwa, haka za mu tsince duwatsu, mu cike ramuka, mu zuba yashin kokawa a kusurwa guda. Na uku, a dasa darbejiya kewaye, ta zama shinge da inuwa, a nemi rijiyar burtsatse da makewayi. In ba ruwa ba makewayi, mata da 'yan mata ba za su zo ba, alhali 'ya'yanmu mata ma suna da gudu. Chioma Ajunwa, mace, ita ta kawo wa Nijeriya zinariya a dogon tsalle a Atlanta a 1996. Na huɗu, a naɗa kwamiti na Kirista da Musulmi, mai littafin kuɗi wanda za a karanta a gaban jama'a, gama ginin da ba mai lura da shi, awaki ne magadansa. Daga nan sai a sa gasa bayan kaka, sa'ad da rumbu ya cika, wannan shekara a Roni, baɗi a Gwiwa, haka har a zagayo.

Masu hannu da shuni kuma ga abin koyi. Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya buɗe wurin wasanni a Hotoro cikin Kano a 2017. Ba kowa ke da ƙarfin haka ba, amma akwai mai iya sayen ƙarfen raga, akwai mai iya kawo tifa guda ta yashi.

Wani uba zai ce wasa yana hana karatu. Abin da na gani a aji dabam ne. Yaron da ya san ba zai shiga ƙungiyar makaranta ba sai ya zo kullum, shi ke fara isowa da safe. A fili yake koyon bin doka, da jimrewa in an ci shi, da ba abokin karawa hannu in an tashi. A nan ne kuma ɗan fasto da ɗan liman suke sa riga iri ɗaya, wanda kuwa ya saba miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo, da wuya a zuga shi ya jefe shi da dutse.

Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A taron iyaye da malamai na gaba, ku tambaya ina takardar filin makarantarku, wa kuma yake riƙe da ita. Daga nan aikin zai fara. Allah ya raya mana zuriya.