Ido Ba Mudu Ba

Bahaushe mutum ne mai awo. A kasuwar hatsi yana da mudu da tiya, a wurin tufafi yana da kamu da yadi, a gona yana ƙirga dami, hatta mai da gishiri akwai kwalba da gwangwanin da aka san su da shi. Amma da zarar hatsi ya bar kasuwa ya shiga tukunya, aka tuƙa aka kwashe a akushi, to awo ya ƙare ke nan. Ba a ƙirga wa mutum loma. Wanda ya zura wa hannun baƙo ido yana cin abinci sunansa marowaci, wanda kuwa ya tsaya lissafin abin da shi kansa ya ci, sai a ce ko talauci ne ya kama shi, ko kuwa boko ya yi masa yawa. Da wannan tarbiyya aka raine ni, kuma har gobe ina ganin kyanta. Saboda haka ba ƙaramin abu ba ne a ce mutum kamata, malamin adabi ɗan shekara 46, ya ajiye sikeli kusa da kwanon tuwonsa yana rubuta abin da ya ci kamar mai bin bashi, sa'an nan da la'asar ya tafi ɗaga ƙarfe cikin samari sa'o'in ɗalibansa.

Ga abin da ya kawo haka. Iyayenmu da kakanninmu sun ci tuwo sun ƙoshi, amma sun yi sassabe da huɗa da noma da girbi, sun ɗauki kaya a ka, sun yi fatauci a ƙafa. Mu kuwa mun gaji tuwon, ba mu gaji garmar ba. Aikin malanta aikin zama ne: a zauna a yi karatu, a zauna a duba takardun jarrabawa, a zauna taro, a shiga mota a koma gida. Da aiki ya kawo ni nan kudu sai sakwara da amala da teba suka ƙaru a kan tuwon gado, kowanne da miyarsa mai iyo cikin manja. Masu nazarin harshe sun san tsakanin teba da teɓa ƙugiya ɗaya ce tak, ni kuwa a jikina na tabbatar da kusancin. Al'ada kuma ba ta ganin aibin haka, domin a wurinta tumbi alamar hutu ce, wanda ya yi shi an ce ya murmure, ya yi kyan gani.

Likita bai ce na yi kyan gani ba. Ya ce sukarin da ke jinina ya kai bakin iyaka, ya zagaya cikina da igiyar awo ya sami santimita 104, alhali tsawona 174 ne, kuma ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce kada zagayen ciki ya wuce rabin tsawon mutum. Nauyina a ranar kilo 94. Ina da kawu wanda ciwon suga ya raba shi da ƙafa ɗaya kafin ya raba shi da duniya, ga autana kuma yana aji biyu na firamare. Rigakafi dai an ce ya fi magani.

To, mene ne wannan kalori da ake ƙirgawa? Ma'aunin kuzari ne, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. Kalori ɗaya na abinci shi ne gwargwadon zafin da zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyos. Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Wilbur Atwater, shi ya tsara lissafin da ake bi har yau tun a ƙarshen ƙarni na 19: giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne, giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki, kalori 4, giram ɗaya na maiƙo kuwa kalori 9. A 1918 wata likita mai suna Lulu Hunt Peters ta fitar da lissafin daga ɗakin gwaji ta kai shi ɗakin girki, da littafinta da ya koya wa Amurkawa ƙirga kalori don rage ƙiba. Asalin maganar ba shi da wuya. Jiki yana ƙona kuzari dare da rana, mafi yawansa ma a kan bugun zuciya da numfashi da aikin ƙwaƙwalwa da ɗumama jiki, ko da mutum yana kwance. In abin da ya shiga ya fi abin da aka ƙona, sai a tara rarar a matsayin kitse. In ya gaza, sai jiki ya buɗe rumbu. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Mutum mai irin jikina da irin aikina yana ƙona wajen 2,500 a yini, don haka na tsayar da 2,000, ina bin giɓin 500 sannu a hankali.

Wayoyin hannu na zamani suna da manhajojin lissafin abinci, sai dai akasarin abin da ke cikinsu cimar Turawa ce, ba su san malmala ba, ba su san ludayi ba. Abin da ya fisshe ni shi ne jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2012, ta kuma faɗaɗa shi a 2019. Da shi da ƙaramin sikeli muka shiga madafa ni da uwargida. Dabarar ita ce a auna abu yana ɗanye. Garin dawa ko gero ko masara, ko ɗanyar shinkafa, giram 100 yana ba da kalori wajen 360. In aka auna garin da ya shiga tukunya, aka ƙirga malmala nawa aka kwashe, sai a raba a san nauyin kowace. Ranar farko da na miƙa hannu ga kwalbar mai, sai uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, yau kuma miyar tawa ce za a yi wa jarrabawa?"

Miyar kuwa ita ce ta fi ba da mamaki. Kowa tuwo yake zargi da kawo ƙiba, saboda shi ne mai girma a ido, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja ko man shanu, kalori wajen 120 ne. Cokali uku sun yi daidai da malmala guda, kuma ba sa cika ciki, ba a ma jin shigarsu. Wake ɗaya ne ake yin ƙosai da alale da shi, sai dai ƙosai ya yi wanka a kasko ya sha mai. Gyaɗa cikin tafin hannu, wadda ake watsawa a baki ana hira, ta kusa kalori 170. Ƙaramin cokalin sukari 16 ne, ga shayin mai shayi ba ya tsayawa a cokali ɗaya ko biyu, balle a zo ga madara. Kwalbar lemo ɗaya ta kai 140, kuma bayan an sha ta yunwa tana nan inda take. Tun daga lokacin aka daina tuttula mai daga bakin kwalba a gidanmu, aka koma cokali. Miyar kuka da ta kuɓewa ba su rasa daɗinsu ba, tun da daddawa da kayan yaji na nan, kwalbar mai kuma ta riƙa daɗewa fiye da da, abin da ya sa uwargida ta yafe wa sikelin.

Me ya sa sai an rubuta, ba za a bar wa tunani ba? A 1992 mujallar likitanci ta New England ta buga wani bincike da aka yi a birnin New York kan mutanen da suka ce suna cin abinci kaɗan ƙwarai amma ƙiba ta ƙi raguwa. Da aka auna su da kayan gwaji, sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100, motsa jikin da suke faɗa kuma ya zarce na haƙiƙa da kashi 51. Zuciya takan tuna tuwon dare, ta manta da tsiren da aka tsaya aka ci a bakin hanya, da wainar da abokin aiki ya miƙo a ofis. Alƙalami shi ba ya mantuwa, ba ya kuma jin kunyar mai shi.

Saura maganar ƙarfe. Wani zai ce in dai rage ci ne ke sauke ƙiba, mene ne na wahalar da kai? Haƙiƙa awa guda ta ɗaga ƙarfe ba ta ƙona abin da ya wuce malmala ɗaya, sau da yawa ma ba ta kai ba. Amfaninsa a wani wuri yake. Jikin da aka rage wa abinci ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsoka yakan taɓa, kuma an ƙiyasta wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ake zubarwa ta rage ci kawai ba kitse ba ne. Ga shi kuma tun daga shekara 30 tsoka takan fara raguwa da kanta. Ita kuwa tsoka ita ce babbar ma'ajiyar da ke kwashe sukari daga jini bayan an ci abinci, don haka mai gudun ciwon suga ba zai so ya yi asararta ba. Ɗaga ƙarfe saƙo ne ga jiki cewa tsokar nan ana aiki da ita, a bar ta, a je rumbun kitse. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ban da minti 150 zuwa 300 na tafiya da sauri ko makamancinta.

Ni kwana uku nake yi. Tsugunno da tashi da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga shi daga ƙasa, tura shi daga ƙirji, jawo shi zuwa jiki, shi ke nan. Girkawan da suna da labarin wani ɗan kokawa, Milo na Kuroton, wanda aka ce yana saɓa ɗan maraƙi kullum, maraƙin na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Ko labarin almara ne, ƙa'idar gaskiya ce: a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa. Tsoka kuma tana son kayan gini. Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje 49 ya nuna amfanin furotin ga mai ɗaga ƙarfe yana ƙaruwa har zuwa wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, busasshen wake giram 100 yana da wajen 23. Albashin malami ba zai ɗauki nama kullum ba, amma akwai wake da awara da kindirmo da busasshen kifi, in an samu sarari kuma a je Sabo a ce wa mai balangu ya yanko tsoka zalla.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke biye. Abinci a wurinmu harshen zumunci ne. Da na je gida hutu, Gwaggo ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, lafiyarka kuwa? Ko matar taka ba ta ba ka abinci ne?" Dubi inda laifin ya faɗa, a kan wadda ta fi kowa taimakona. A gidan suna ko ɗaurin aure kuma tire ɗaya ake ajiye wa mutum biyar, wa zai fito da sikeli a nan? Wanda ya ƙi cin abincin mutane ya ƙi mutanen ne, kuma lafiyar da za ta raba mutum da danginsa ba cikakkiya ba ce. Abin da na tsayar shi ne sikeli ba ya ƙetare ƙofar gidana. Ranar taro nakan sassauta cin safe, in na zauna cikin jama'a in yi bisimilla tare da kowa, in ci a hankali, in fi karkata ga nama da ganye, in yaba wa mai girki. Lissafin na mako ne, yini ɗaya ba ya rushe shi. Ga Gwaggo kuwa na cinye tuwonta tas, sa'an nan na tuna mata da ƙafar Kawu. Ta yi shiru, daga baya ta ce Allah ya tsare.

Wajibi ne kuma a san iyakar alƙaluman nan. Dukkansu ƙiyasi ne. Nauyin mutum yakan hau ya sauka da kilo guda tsakanin jiya da yau saboda ruwa da gishiri, don haka matsakaicin mako da igiyar awo sun fi abin da sikeli ya faɗa da safe ɗaya. Jiki in ya ragu, abin da yake ƙonawa ma yakan ragu, sai tafiyar ta yi nawa, a nan ne ake bukatar haƙuri. Akwai kuma waɗanda lissafin ke zame musu waswasi har su ji tsoron abinci, wannan ciwo ne da ke bukatar likita. Haka mai shan maganin suga ko na hawan jini, bai kamata ya rage ci ko ya kama ƙarfe ba sai da shawarar likitansa.

Wata 11 ke nan da farawa. Nauyina ya dawo kilo 85, zagayen ciki santimita 93, sukarin jini ya ja da baya daga bakin iyaka, kuma ina hawa bene zuwa ofishina ba tare da tsayawa hutu ba. Da sauran tafiya kafin a kai 87, amma sannu ba ta hana zuwa.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Na daɗe ina koyar da wannan karin magana a aji, sai yanzu na lura da sharaɗin da ke ɓoye a cikinsa. Mai awon da ke kallon tsibin gero ta faɗi tiya nawa ne, ta iya haka ne saboda shekarun da ta yi da mudu a hannu. Idon da bai taɓa zama da mudu ba, son rai yake bi. Yanzu nakan dubi kwano in san abin da ke ciki ba tare da na auna ba, sikelin kuma ya koma kan kanta. Sai dai mako ɗaya a kowane wata nakan sauko da shi in gwada idon nawa, kamar yadda ake daidaita agogon hannu da na gidan rediyo.